Kunnen Hagun Babana

Babana Ottavio bai taɓa mallakar mota ba.
Jakinsa ma sai da ya sayar
ya cika kuɗin jirgin ƙasa zuwa arewa,
a shekarar da aka aza tubali a bakin Milano
aka ce hanya za ta miƙe har Napoli,
kilomita ɗari bakwai da hamsin da ɗoriya.
Tun ba ta yi rarrafe ba aka raɗa mata suna:
Hanyar Rana.

A fili ba ta sha wuya ba.
Ƙasa shimfiɗe take kamar faifai,
katafila na gaba, kwalta na bin sawu,
kogin Po kaɗai ya ce sai an tsallake shi da ladabi.
Sai da ta bar Bologna dutse ya sha gabanta,
dutse bayan dutse, kwari bayan kwari, har Firenze.
Inda ya toshe a huda,
inda ya tsage a ɗinke da gada
mai dogayen ƙafafu irin na zalɓe.

Nan aka ba babana nakiya.
Shi ke shiga ƙarshe, shi ke fita ƙarshe,
yana ƙirga takunsa da lagwani na ci a bayansa.
Su goma sha biyu a ɗakin katako,
dusar ƙanƙara na shigo musu ta rufi,
safa ɗaya ta kwana uku a kan murhu ba ta bushe ba.
Gesualdo ne ke rubuta masa wasiƙa,
shi kuma ya naɗe kuɗi a ciki ya liƙe da miyau.
Wata biyu innata Nunziata ba ta ga rubutu ba,
sai kuɗi tsirara a ambulan.
Ta gane.
Gesualdo ya zame daga katakon gada
ranar da iska ta tashi kafin azahar.

Kunnen hagu kuwa ba rana guda ya tafi ba,
kaɗan-kaɗan ramin ya riƙa gutsura
kamar ɓera da buhun masara.

An ce wajen Arezzo wani babba ya ɗora yatsa kan taswira,
hanya ta yi kwana ta je gaishe da garinsu.
In aka tambayi babana sai ya ɗaga kafaɗa:
ni dai inda aka shafa jan fenti nake haƙa.

Shekara takwas. Aka yanke ƙyalle,
ya saurara a rediyo, ya juya masa kunnen dama.
Bai koma kudu ba.
Ya ɗauko mu, ya kama aikin bulo a Bologna,
in za a je gida jirgin ƙasa yake hawa,
wai ya san abin da ke cikin dutsen nan.

Jiya na ɗauke shi a bayan motata ta lemo,
na share ta, na shimfiɗa bargo ƙarƙashin akwatin.
A ƙauye ya ce a binne shi, kusa da zaitun ɗin uwarsa.
Kowane rami muka shiga na sassauta,
masu sauri suna ta oda a bayana, ban kula ba.
Na duba bango ko zan ga inda hannunsa ya taɓa.
Siminti ne, da fitilu, da baƙin hayaƙi.

A ƙofar biya ta Napoli
yarinya ta karɓi tikiti ba ta ɗago ba.
Na so in ce mata na bayan nan ya riga ya biya,
sai na ga layi ya yi tsawo.
Na miƙa kuɗin, ta ba ni canji,
sandar ta ɗaga, muka wuce.